Sifiku Uku a Ɗakin Dogo

Litinin, 9 ga Fabrairu

Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da aikinka da wannan tarin naka da ya ƙi rabuwa da kai. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta sa na koma taka keken ɗinki da ƙafa ɗaya. Na ɗauki biro ne don na gaji da kiranka a wayar shagonku. Kullum layi ne ba kyau, kullum "me kika ce, Yaya?", har in manta abin da ya sa na kira.

Maganar ɗana Dogo ce, ɗanka kai ma. Tun da ka tafi ka bar masa sifikun nan biyu na katako da kwalin kaset, shekara tara ke nan, ban sake sanin shiru a gidan nan ba. Mutum ya wuni a wajen aiki yana yankan ƙarfe da waldar ƙofofi, maimakon ya dawo ya huta, sai ya yi wanka ya shige ɗaki ya kunna wa kansa wani ƙarfen. Kiɗan nan naku da kuke ce wa metal, ni har yau ban ji komai a ciki ba sai kamar an ture kwandon kwanuka daga bene, wani ƙato yana bin su da ihu. Amma ba ya shaye-shaye, ba ya yawo, kuma tun rasuwar babansa shi yake riƙe da ni. Shi ya sa na zuba masa ido.

Yanzu wai sifikun sun mutu. Magana kam suna yi, har tagar kicin rawa take. Cewa ya yi saman kiɗan ne ya ɓace. Ya ce in rubuta maka daidai yadda ya faɗa: gangar ƙafa tana nan, gita mai kauri tana nan, amma farantan ƙarfen da mai ganga yake duka ba sa fitowa, kuma gitar da take kuka a tsakiyar waƙa ta koma kamar an lulluɓe ta da bargo. Da can maɓallin murya a kan uku yake tsayawa, ni nake goge ɗakin, na sani. Yanzu a kan shida nake tarar da shi.

Ya ga iri biyu a shagon kayan wuta na bakin titi. Akwai wasu manya masu tsayin ƙugu, da fitilu masu juyawa a jiki. Akwai wasu ƙanana baƙaƙe na ɗorawa a kan kanta, da akwati na uku da ake ajiyewa a ƙasa. Ya ce ba zai taɓa ko ɗaya ba sai Kawu ya zaɓa. Ka san shi da biro, hannunsa na guduma ne, shi ya sa ni na zama sakatariyarsa.

Ka amsa da wuri.

Yayarka

Asabar, 28 ga Fabrairu

Yaya,

Na karɓi gaisuwarki hannu biyu. Allah ya ba gwiwa sauƙi, amma ki rage aiki, kin fi keken nan tsufa. Tari ya yi sauƙi. Wayar shagonmu kuwa da gaske ba ta da kyau, ki daina zargina.

Ki zaunar da Dogo ki karanta masa wannan, kada ki tsallake komai don ke ba ki gane ba.

Ciwon sifikunsa na san shi tun kafin in gama karanta wasiƙarki. A cikin kowane akwati akwai babba mai fitar da kauri, akwai ƙarama a sama da muke ce wa tuwita, ita take fitar da siririn sauti, irin na farantai da kukan gita. Tuwitar ce ta ƙone. A mako ana kawo mini gyaran irin wannan sau biyar. Sifikun sun girme shi, sun yi ƙoƙari.

Masu fitilun nan kada ya ko kalle su. Na taron rawa ne. Suna da rami a baya da ke kumbura kauri, kuma kiɗanmu ba ya son haka. Mai gangar metal da ƙafa biyu yake duka, da gudu kamar injin ɗinkinki idan kin sake shi. Sifika mai rami ba ta iya tsayawa tsakanin duka da duka, sai komai ya cakuɗe ya zama gurnani. Ga shi kuma gita a tsakiyar sauti take zaune, manyan nan kuwa ba su da tsakiya, sai ciki da baki.

Ya ɗauki ƙananan. Amma ya fara ƙwanƙwasa akwatin ƙasan da yatsa. Idan ya ji shi dam, rufaffe ne, ya yi. Idan ya ji shi kamar bokitin roba, ya ajiye musu kayansu. Ya ɗora biyun daidai tsayin kunnensa idan yana zaune, ya janye su taƙi ɗaya daga bango, ya ɗan karkato da fuskarsu wajen kujerarsa. Ya gwada da kaset ɗin nan mai jan bango, waƙa ta uku, inda komai yake tsayawa sai farantai kaɗai. Ya san wurin. Idan ya ji su suna watsuwa kamar an zuba tsakuwa a faranti, to an dace.

Ke kuma Yaya, ki daina cewa kwanuka. Ranar da na fara kunna masa kaset ɗin nan, wata biyu bayan binne babansa, ita ce ranar da na fara ganin yaron nan ya ɗaga kai. Ke ma kin gani, kawai ba za ki yarda ba ne.

Ƙanenki,
Auta

Laraba, 15 ga Afrilu

Auta,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Gwiwa da sauƙi. Na yi jinkirin amsa ne don ɗinkin kayan makaranta ya rufe ni.

An bi umarninka har da ƙwanƙwasa akwati, mai shago yana kallonsa kamar mai duba gonar sayarwa. An ɗora, an janye taƙi, an karkato. Ya sa kaset mai jan bango, ya zauna ya rufe ido, aka zo wurin da ka ce. Sai ya buɗe ido ya ce babu. Ya mayar baya, ya ƙara murya, ya sake cewa babu.

To ni dai ga abin da zan ce, ko ka yi dariya. Ina tsakar gida a kan keke, kuma na ji farantan nan. Tas-tas suke fitowa, har haƙorina yana amsawa. Na faɗa masa, ya ce ni ban san abin da ake nema ba. Wataƙila haka ne.

Wani abin kuma yana damuna fiye da sifika. Dogo ya canja mini. In tsaya a ƙofar ɗakinsa in kira shi sau uku, ko kiɗa ba ya yi, ba zai waiwayo ba. In na taɓa kafaɗarsa sai ya zabura, ya ce me ya sa nake sanɗa. Ranar Lahadi ƙannen babansa sun zo gaisuwa, ana ta hira, shi yana zaune yana murmushi kamar baƙo. Aka tambaye shi aiki, ya ce ai ya ci abinci. Na ji kunya ƙwarai. Da suka tafi na yi masa faɗa na ce raini ne, ya kalle ni ya shige ɗaki. Yaron da ban taɓa ɗaga masa murya ba, yanzu sai na ɗaga yake kula ni.

Maɓalli yana kan bakwai. Matar mai gidan haya ta aiko sau biyu.

Yayarka

Juma'a, 1 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Dogo. Ni lafiya ƙalau.

Jabu suka sayar masa, ba wani abu ba. Kasuwa ta cika da su, kwali mai kyau, a ciki tuwitar roba da ko kukan sauro ba za ta iya ba. Abin da kika ji daga tsakar gida ba farantai ba ne, ƙarar robar ce take karkarwa. Kada ki ji haushi, amma kunnenki na ɗinki ne. Ni shekara ashirin da shida kunnena yana jikin sifika, da shi nake ci.

Na gaji da tura shi shagunan 'yan damfara. Nawa na ɗaki zan aiko masa. Dogaye ne, katako mai nauyi, kuma tuwitarsu a cikin wani baki take mai kama da ƙaho, shi yake harbo siririn sauti kai tsaye. Na gwada iri fiye da arba'in a shagon nan, masu tsada da masu araha, duk sai in ji su a dushe, kamar mai magana da mura. Waɗannan kaɗai ne suke ba gita haƙoranta. Abokan aikina suna cewa sun cika kaifi, ni kuwa ina ce musu metal ba kiɗan rarrashin jariri ba ne. Kuma ba sa cin wuta da yawa, kaɗan za ka murɗa su cika ɗaki. Direban motar kaya da ya kawo miki keken bara shi zai kawo su. A ɗauke su a tsaye, kada a kwantar.

Maganar canjinsa kuwa, Yaya, shekararsa ashirin da bakwai. Namiji ya yi shiru, ana magana yana murmushi shi kaɗai, ana tambayarsa gabas yana amsa yamma, ke ba ki san sunan ciwon ba? Ki bincika, akwai wata. Ki fara tanadin kayan lefe ki bar yaro ya sha iska.

Auta

Alhamis, 16 ga Yuli

Auta,

Muna lafiya, ina fata kai ma haka. Gaisuwar ke nan yau, don raina a ɓace yake.

Kayanka sun iso tun farkon watan jiya, mutum uku suka shigo da su. Ba zan ɓoye maka ba, ranar na ga abin da na daɗe ban gani ba. Ya haɗa waya, ya sa kaset, da aka zo wurin sai ya miƙe tsaye ya ce, "Ga su nan, Mama. Sun dawo." Idonsa ya kawo ruwa. Ni kuwa na toshe kunne na fita, don ji na yi kamar ana tura mini allura.

Kwana goma sha biyu aka yi ana murna. Daga nan maɓalli ya fara hawa. Ka ce kaɗan za a murɗa. Yanzu yana kan takwas, ya jawo kujerarsa har gwiwarsa tana taɓa akwatin, yakan kwantar da kansa a gefen ƙahon nan. Daga dawowarsa aiki har magariba. Idan ya kashe sai ya zauna yana matsa kunne da tafin hannu, ya ce wani abu yana yi masa fito. Masu kawo mini ɗinki sun koma tsayawa a ƙofar gida. Mai gidan haya da kansa ya zo ya ce shi ba gidan rawa ya gina ba.

Kuma babu wata yarinya. Na bincika har na zubar da girmana.

Bari in faɗa maka abin da na daɗe ina haɗiyewa. Kai ka koya masa wannan masifa. Ka kunna masa wuta ka hau mota ka tafi, ka bar ni da hayaƙi. Kana can kana rubuto mana darasi a kan rami da ƙaho, ni ce nake zaune da ɗan da ya daina hira da uwarsa. In ka ga dama ka ji haushi.

Yayarka

Talata, 4 ga Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ranar da takardar nan ta same ki, ki cire wayar sifikun nan, ki sa a mayar da su kwalinsu a ɗaure. Kada ya ƙara kunna su ko sau ɗaya. Ki ajiye su a ɗakinki. Akwai abin da nake so in tabbatar tukuna, zan rubuto miki bayani.

Auta

Lahadi, 16 ga Agusta

Auta,

Na ga takardarka mai layi huɗu. Lafiya muke, tun da ba ka tambaya ba.

Ashe har yanzu kana nan da halinka na ƙuruciya. A taɓa ka kaɗan, ka ce a ba ka ƙwallonka ka tafi gida. Don na faɗa maka gaskiya shi ne za ka ƙwace kyautar da ka yi wa maraya? Ni ce na yi maka laifi, ba shi ba. Abu ɗaya ke nan da yake sa shi murmushi a duniyar nan, kuma ni ba zan shiga ɗakinsa in ce kawunsa ya yi fushi ya ce a kwashe ba. Na tsani kiɗan nan, ka sani, amma ban tsane shi har haka ba.

Ban nuna masa takardar ba, ba kuma zan nuna ba. In kana son kayanka ka zo da ƙafarka ka ɗauka, ka kalli idonsa. Kada ka sake rubuto mini sai ka huce.

Yayarka

Litinin, 21 ga Satumba

Yaya,

Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ku da sauran dama. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yage.

Ba fushi na yi ba. Tsoro na ji, kuma kunya ta hana ni faɗa. Wasiƙarki ta ƙarshe ta yi mako uku a shago ban gani ba, an tura ni haɗa kaya a wani babban ɗakin taro. Da na dawo na karanta, sai da na zauna a ƙasa.

Ga abin da ya faru. A makon da wasiƙarki ta Yuli ta zo, wata mata ta dawo da sifikun da ni na zaɓa mata. Ta ce suna yanka kunne kamar reza. Na yi mata gardama, na ce ba ta san kaya ba. Abokin aikina, wanda muke benci ɗaya, ya ce mu raba gardama da na'urar gwaji. Na'ura ce da take fitar da sauti ɗaya tak, ana murɗa ta yana ƙara siranta. Ya fara murɗawa ina ji, ina ji, sai sautin ya ɗauke. Na ce ka gani, tuwitar ma ba ta kai ba. Na ɗaga kai na ga matar ta toshe kunne, mai shago ya leƙo daga ofis yana cewa a kashe. Mutum huɗu a ɗakin, ni kaɗai nake cikin shiru.

Na dawo ɗaki na jera wasiƙunki a kan gado na sake karantawa. Sifika iri uku ba za su rasa abu ɗaya a wuri ɗaya ba. Ke kin ji farantan daga tsakar gida, na ce miki roba ce. Kin ce ba ya waiwayowa, na ce soyayya ce. Kin rubuta mini komai, Yaya, har da fiton da yake ji. Ni kuwa mai gyara ne, duk abin da aka kawo mini akwati nake buɗewa.

Na rubuta miki layi huɗun nan ne ina cewa bari in je asibiti in tabbatar da nawa kafin in tayar miki da hankali. Na je. Likita ya ce saman jina ya tafi tun da daɗewa. Ya tambaya ko akwai mai irinsa a gidanmu, na tuna yadda Baba yake karkato kai idan ana magana, muna cewa tsufa ne. Wayar shagonmu lafiyarta ƙalau. Sifikun da na aiko, na so su ne don su kaɗai suke da kaifin da zai huda kunnena. Abin da kurma ya zaɓa wa kansa na ɗauka na ɗora a kan kunnen ɗanki.

Ki cire wayar yau. Ki kai shi wajen likitan kunne gobe, ba kemis ba. Kada ya koma kusa da injin yankan ƙarfe sai an duba shi. In ya ƙi, ki ba shi wannan ya karanta da kansa.

Ki yafe mini in kin iya.

Ƙanenki

Asabar, 10 ga Oktoba

Auta,

Sallama. Jiki lafiya. Sauran kuma ga shi.

Na ba shi ya karanta. Ya daɗe a kan takardar, sannan ya tashi da kansa ya zare wayoyin ya naɗe. Ya ce ya fi shekara yana zargin haka, amma da Kawu ya ce tuwita ce sai ya ji sanyi, don Kawu ba ya kuskure.

Mun je asibiti. Suka sa shi a wani ɗan ɗaki mai bango kamar katifa, suka ɗora masa abin ji a kai, suka ba shi maɓalli ya danna duk lokacin da ya ji ƙara. Ina kallonsa ta gilashi. Ma'aikaciyar tana ta murɗa abinta, shi yana zaune da yatsa a kan maɓalli yana jira a fara. Nan na fita waje na yi kukana.

Likita ya ce kunnen hagu ya tafi, ba ya dawowa. Na dama saura kaɗan, kuma yana zubewa da sauri. Ya ce tun asali kunnuwan masu rauni ne, aikin ƙarfe ya ci rabonsa, watannin nan na baya suka ƙarasa. Na tambaye shi da mun zo a watan Agusta fa. Sai ya ci gaba da rubutunsa. Ka ga ke nan ba kai kaɗai ba ne. Kai ka rubuta layi huɗu, ni na zauna a kansu mako bakwai don girman kai. Ban san wanda zai yafe wa wani ba.

An gwada masa na'urar saƙalawa a kunne. Ya ce tana ƙara ƙara, ba ta ƙara magana. Ya bar wajen walda. Yanzu in zan yi masa magana sai in zauna ta damansa, in matso, in yi a hankali, yana kallon bakina.

Bai zage ka ba, ko sau ɗaya. Abin da ya ce shi ne ya manta yadda muryarka take, shekara tara da yawa. Likita ya ce ba zai iya yi mana alkawarin watanni ba. In kana da abin da za ka faɗa masa da bakinka, ka taho yanzu.

Yayarka

Laraba, 28 ga Oktoba

Yaya,

Na gaishe ku. Na karanta, na kasa cin abinci.

Na nemi izini. Mai shago ya ce in ƙarasa aikin ɗakin taron nan, ni na fara shi, babu wanda ya san hanyar wayoyin sai ni. Bai san maganar kunnena ba, in ya sani ban san me zai biyo baya ba. Mako biyar ne, ko shida. Ranar da aka ƙare zan hau mota ko jaka ban ɗauka ba.

Ki ce masa ya guji hayaniya, ko bakin titi kada ya zauna. Ki ce masa Kawu yana tafe, kuma akwai maganar da ba ta takarda ba ce. Ya jira ni.

Auta

Juma'a, 4 ga Disamba

Auta,

Ina gaishe ka. Ina fata aikin ɗakin taro yana tafiya daidai.

Na faɗa masa saƙonka a kunnen dama, ya ji, ya yi murmushi ya ce to. Ya kiyaye duk abin da ka ce. Ko keken ɗinki na daina takawa idan yana gida.

Ranar Talata da safe ya fito daga ɗaki ya same ni ina wanke kofuna. Ya tsaya yana kallon famfo yana zuba. Sai ya ce, da ƙarfi, don yanzu bai san girman muryarsa ba, "Mama, yi magana." Na kira sunansa. Na matso ta dama na sake kira, har leɓena yana taɓa kunnensa. Ya ce, "Yi magana mana."

Mun koma asibiti a ranar. Ba su daɗe da mu ba.

Yana cin abinci, yana salla, jiya ma ya gyara mini ƙofar kicin. Na saya mana ɗan littafi da biro, muna ajiyewa a kan tebur. Rubutunsa har yanzu kamar na kaza, amma ina ganewa. Ya tambaya ko ka sa rana, na rubuta masa cewa ka kusa.

Don haka kada ka tayar da hankalinka, kada ka yi faɗa da mai shago. Ka ƙarasa aikinka a tsanake, ka zo duk ranar da ka samu dama, ɗaki yana nan. Maganar da ka ce ba ta takarda ba ce, ka rubuto ta. Ka sa sunansa a bayan ambulan, shi zai buɗe.

Yayarka